Duniyar da Rana Ba Ta Faɗuwa

Ranar da Dogo ya fara shiga sashen kimiyya na laburaren jami'a, da takarda nannaɗe a hammatarsa ya shiga. Shi mai zane ne a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wasannin kwamfuta. Manajansu ya ɗora masa aikin zana duniyar da sabon wasansu zai gudana a cikinta, wata duniya can nesa da tamu. Sai dai masu sayen wasan sun gindaya sharaɗi: ba tatsuniya suke so ba, duniyar da masanin kimiyya zai duba ya ce za ta iya kasancewa suke so. Dogo kuwa rabonsa da kimiyya tun sakandare, kuma ba rabuwar arziki suka yi ba.

A bayan teburin karɓar littattafai ya tarar da wata budurwa mai tabarau tana manna lamba a bayan littafi. Ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a ilimin taurari, aikin laburaren na wucin gadi ne. A gida Auta ake kiranta, sunan ya bi ta har makaranta.

"Sannu da aiki, Malama. Littafi nake nema, amma ban san sunansa ba."

"Marubucin fa?"

"Shi ma ban san shi ba."

"To launin bangon ko ka sani?" ta ce, ko murmushi babu.

Sai kawai ya warware takardar a gabanta. Zane ne mai kyau, ita ma ta san da haka: rana uku a sama, duwatsu masu tsini, da wani tsuntsu da ya kai gidan bene girma ya buɗe fukafukai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan ɗan rubutun da ke gefe.

"Ka ce duniyar ta ninka tamu nauyi sosai. To duk abin da ke kanta zai ji ana jansa ƙasa da ƙarfi. Wannan tsuntsun da siraran ƙafafun nan, ko tsayuwa ba zai iya ba."

"Kin kashe min shi ke nan."

"Dama bai taɓa rayuwa ba."

Sai da ta ɗago ta ga yadda fuskarsa ta canza, ta ji babu daɗi. Ya faɗa mata gaskiya: in bai kawo duniyar da za ta tsaya da ƙafarta ba, wani za a ba aikin, kuma bai san me zai rage masa a kamfanin ba.

Ta tashi ta nufi kantocin littattafai. Ta dawo da littattafai uku: ɗaya kan yadda duniyoyi ke zagaya taurarinsu, ɗaya kan iska da yanayi, ɗaya kan halittun da ke zaune a ƙasan teku inda haske ba ya kaiwa. Ta juyo da kwamfutar teburin ta nuna masa wani shafi da masana ke tara bayanan duniyoyin da aka gano, da wata manhaja ta kyauta da mutum zai saka girman tauraro da nisan duniya, ta nuna masa ko ruwa zai daskare ko zai ƙafe.

"Kada ka fara da tsuntsu," ta ce. "Fara da tauraro. Shi zai faɗa maka sauran."

Ya rungumi littattafan ya yi godiya har sau nawa. A bakin ƙofa ya waiwaya, ya kama ta tana kallonsa. Ta yi sauri ta koma kan lambobinta, ta manna ɗaya a juye.

Bayan nan zuwansa ya yawaita. Da farko da tambaya yake zuwa, daga baya sai a hanya yake ƙirƙiro tambayar. Suka zaɓi wani ɗan ƙaramin tauraro ja, mai ƙarancin zafi. Don duniyar ta sami ɗumi dole ta matso kusa da shi, kuma in ta matso haka, in ji Auta, sai ta riƙa nuna masa fuska ɗaya har abada. Gefe ɗaya rana ba ta faɗuwa, ɗaya gefen gari ba ya wayewa. Rayuwa sai a tsakani, a wani siririn yanki da kullum yake kamar gab da magariba.

Ita ke lissafin zafi da gajimare a kwamfutarta, shi ke zana tsirrai masu baƙin ganye da duk suka karkata wajen tauraron, da dabbobi gajeru masu kauri. In ya zana abin da ba zai yiwu ba, ta soke. In ta kawo lissafin da ba shi da kyan gani, ya yi ta magiya har ta nemo masa wata hanya. Daga nan ya sa mata suna Lissafina. Ita kuma, tunda baƙin halittu yake zanawa, ta ce shi ne Baƙona.

Wata safiya saƙonsa ya shigo tana cikin aji:

"Lissafina, na karanta babin iska har sau biyu ban gane ba. Ko dai littafin ne ba ya so na, ko kuwa sai da muryarki nake ganewa."

Ta ɓoye wayar ƙarƙashin tebur ta amsa:

"Littafin ba ruwansa. Kai ne malalaci. Ka zo bayan la'asar."

"In na zo akwai maganar da ba ta iska ba. Tsoro nake ji kar ki soke ta kamar tsuntsuna."

Ta karanta. Har aka tashi daga ajin ba ta san me malamin ya ce ba. Sai can ta rubuta:

"Kawo ta mu duba. Ba kowane zane nake sokewa ba."

Da ya zo ya faɗa mata yana sonta, ba ta soke ba. Amma tun a ranar ta gaya masa inda tsoronta yake: Abbanta.

Abba tsohon ma'aikacin ofishin hasashen yanayi ne, ya yi ritaya. Mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana hango abin da zai iya lalacewa. Kafin ya fita sai ya koma ya duba tukunyar gas, in Auta ta yi jinkirin dawowa sai ya tsaya a bakin taga da waya a hannu. Da Umma ta kai masa maganar, sai ya sa aka kira Auta falo.

"Me kika ce yana yi?"

"Zane yake yi, Abba. A kamfanin wasannin kwamfuta."

"Wasa." Ya cire tabaransa ya goge. "Auta, aure ba wasa ba ne, shi kuma sana'ar tasa ma sunanta wasa. Yau yara suna so, gobe sun gaji sun koma wani. Da me zai riƙe ki?"

"Yana da hankali, Abba."

"Ban ce ba shi da shi ba. Ni ba zan zaɓa miki miji ba. Amma wannan hankalina bai kwanta da shi ba, kuma ba zan ɓoye miki ba."

Ta san wanda hankalinsa ya kwanta da shi. Akwai wani matashin malami a sashensu, Dokta kowa ke ce masa, mai natsuwa da aikin dindindin. Ya taɓa zuwa gaishe da Abba, suka daɗe suna hirar gajimare. Ya nuna wa Auta yana ciki, ta ba shi haƙuri cikin ladabi, amma bai fitar da rai ba.

Umma ta biyo ta ɗaki ta dafa kafaɗarta. "Kin san halin Abbanku. Ko ruwa aka ba shi sai ya leƙa ƙasan kofin. Ki bi shi a hankali."

Auta ta bi a hankali, amma abinci ya daina shiga mata. Dogo ma ya rame. Kullum saƙonsa ɗaya ne: "Ya Abba yau?" Ita kuma ta amsa: "Da sauran hadari."

Ana cikin haka kamfanin ya saki ɗan gajeren bidiyon tallar wasan. Auta ta shiga sashensu ta tarar 'yan ajinsu sun taru kan waya ɗaya. Ga duniyarsu nan, jan tauraro a tsaye a gefen sama, baƙaƙen ganye suna kaɗawa. Zuciyarta ta cika, har ta buɗe baki za ta ce ita ce. Sai rubutun ƙarshe ya fito. A gurbin mai ba da shawara kan kimiyya, sunan Dokta ne. Nata babu ko'ina.

Ba suna kaɗai ta rasa ba. Lissafin yanayin duniyar nan shi ne babi mafi girma a kundin digirinta, kuma ba ta riga ta miƙa ba. Yanzu duk wanda ya gani zai ce daga aikin Dokta ta kwasa.

Ta sami Dokta a ofishinsa ta tambaye shi. Dokta ya ce, "Daga kamfaninsu aka zo aka same ni. Aka ce ana son wanda zai duba aikin ya sa sunansa. Na duba, ban ga kuskure ba, na amince. Na ɗauka kin sani."

"Wa ya zo?"

"An ce min daga sashen zane aka ba da sunana."

Sashen zane mutum ɗaya ne. Ta fito. Ta rubuta wa Dogo saƙo ɗaya:

"Ashe littafi na huɗu ka mayar da ni. Ka gama karantawa, ka mayar kan kanta. Kada ka sake zuwa laburare."

Ta kashe wayar.

Dogo bai ga ƙarshen bidiyon ba sai bayan saƙonta. Ya kalla, ya sake kallo. Shi dai ya san ya rubuta sunanta ya miƙa. Ya tuna kuma wata rana manaja ya tambaye shi ko akwai wani babban malami a sashensu, shi kuwa ya ambaci Dokta ba tare da tunanin komai ba.

Ya kira ta, a kashe. Ya tura saƙo:

"Lissafina, wallahi ban sani ba. Ba zan ce ki yarda da ni yanzu ba. Ki ba ni lokaci in gyara."

Shiru.

Ya shiga ofishin manaja ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Manaja mutum ne mai fara'a in abubuwa na tafiya daidai, ranar kuma suna tafiya daidai.

"Zauna mana, Dogo. Masu saye sun ji daɗi."

"Ina sunanta, ranka ya daɗe?"

"Ɗaliba ce. Su mutanen nan muƙami suke dubawa. Za mu yi mata ihsani, kada ka damu."

"Ba ihsani take buƙata ba. Aikinta ne, kuma digirinta na kansa. In masu saye suka tambaye ni wa ya yi lissafin, ba zan yi musu ƙarya ba."

Fara'ar ta ɗauke. Manaja ya ce ya ajiye katin shiga ofis, ya je gida ya huta har sai an neme shi. Dogo ya sauko daga benen. A titi ya tsaya yana kallon motoci, yana tunanin ƙannensa biyu da mahaifiyarsa da suka dogara da shi. Ga aiki ya tafi, ga Auta ta tafi, ga shi ya tabbatar wa Abba maganarsa da hannunsa.

Mutum ɗaya ya rage da zai iya warware abin, kuma shi ne wanda ya fi ƙin gani. Washegari ya je ofishin Dokta. Ya zayyana masa komai, tun daga tsuntsun da aka soke.

Dokta ya jingina da kujera. "Ka san ni ma ina sonta?"

"Na sani."

"Kuma ka san in na yi shiru, hanya ta buɗe min?"

"Na sani, Dokta. Ba don kaina na zo ba. Ko kai za ta aura, aikin nan nata ne. Ka taimaka ka janye sunanka."

Dokta ya ɗauki biro yana jujjuyawa har Dogo ya gaji da tsayuwa ya yi sallama ya fita, bai san ko ya gyara ko ya ƙara ɓatawa ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Duk ƙarar da waya ta yi sai ya zabura. Mahaifiyarsa ta lura ba ya fita da safe, ta tambaye shi, ya ce hutu aka ba shi. Ta dube shi ta ce, "Irin hutun nan da ake ramewa a cikinsa, Allah ya kawo ƙarshensa."

Wata rana da hantsi saƙo ya shigo:

"Baƙona, Dokta ya janye sunansa, ya kuma faɗa min komai, har zuwan da ka yi. Na yi maka mummunan zato. Kunyar kiranka nake ji."

Shi ya kira. Ta ɗauka.

"Ka yafe min," ta ce.

"Ni na ambaci sunansa, Lissafina. Da ban yi ba..."

"Aikinka fa?"

"Yana nan inda na bar shi. Ni ne dai ba na nan."

Ta yi dariya da hawaye a ciki, sannan ta ce masa Umma ta gaya wa Abba duk abin da ya faru, kuma Abba ya ce yana son ganinsa.

Ya je da yamma, sanye da rigar da ya goge har sau biyu, da kwamfutarsa a jaka don Auta ta ce ya zo da ita. Abba na zaune a falo da jarida a cinya. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi.

"An ce an dakatar da kai."

"Haka ne, Abba."

"Dama aikin ban ɗauke shi aiki ba, yanzu kuma shi ma babu. To me ka zo da shi?"

Dogo ya ce, "Ba ni da tabbacin da zan ba ka, Abba. Ina nema a wasu wurare. Abin da na iya shi ne zane, kuma ba na wasa da shi."

Abba ya nuna jakar da haɓa. "Mu ga abin da ya jawo duk wannan."

Dogo ya buɗe taswirar duniyar. Abba ya gyara tabarau, ya matso. Ya tambayi ina ne gefen zafi, ina ne na sanyi. Ya bi kibiyoyin iska da yatsa, ya gyaɗa kai, ya ce wannan aikin Auta ne, ya gane hannunta. Sai ya tsaya a kan wani gari da Dogo ya zana a bakin kwari.

"Wa ya ce ka gina gari a nan?"

"Ni ne, Abba. Wurin ya yi kyau a ido."

"Iskar sanyi daga gefen duhu ta nan za ta matso ta wuce. Ko rufi ɗaya ba zai kwana ba. Mayar da shi bayan dutsen nan."

Dogo ya mayar. Abba ya ce a'a, ƙara matsawa. Umma ta shigo da ruwa ta tarar da kawunansu biyu a haɗe kan allo, ta ajiye a hankali ta koma ta gaya wa Auta, wadda ke tsaye a bayan labule tana murɗa gefen mayafinta.

Da suka gama, Abba ya jingina ya cire tabarau.

"Har yanzu ban fahimci sana'arka ba, kuma har yanzu tsoro nake ji. Amma mutumin da ya ajiye abincinsa don kada a ci haƙƙin 'yata, ba zan kore shi ba. Ka sami abin yi tsayayye, nan ko wani wuri, sannan ka turo manyanka."

Jiran bai yi daɗi ba. Wurare biyu suka ce za su neme shi, ba su nema ba. Auta ta miƙa kundinta, ta kare shi, shi yana zaune a kujerar baya yana share tafin hannu a gwiwa kamar shi ake tambaya. Abba kuwa kullum sai ya tambayi Umma, "Yaron nan an kira shi?" sannan ya ce shi ba damuwa ya yi ba.

Daga ƙarshe manaja ne ya kira. Tunda Dokta ya janye, masu saye sun nemi ganin wanda ya yi lissafin da kansa. Bai ba da haƙuri ba, ya dai ce Dogo ya dawo ya karɓi katinsa, kuma ya roƙa masa Auta ta zo taron. Ta je. Aka sake fitar da bidiyon da sunanta.

Manyan Dogo suka je, aka sa rana, aka ɗaura aure cikin 'yan uwa da abokan arziki. Dokta ya aiko da gaisuwa da fatan alheri, bai zo ba.

Lokacin da za a tafi da amarya, Abba ya kira su biyun falo. Auta ta durƙusa tana kuka, Dogo na gefenta kansa a ƙasa. Abba ya ɗora hannu a kanta, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Sai da Umma ta ce, "Ka yi musu addu'a mana, mutane na jira," sannan ya yi gyaran murya.

"Ita ce ƙaramarmu. Ban taɓa kwana ban san inda take ba." Ya dubi Dogo. "Ka riƙe min ita da amana."

"In sha Allahu, Abba."

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da haƙuri da juna, ya ba ku zuriya ta gari. Ku tashi ku je."

Ya raka su har bakin mota, ya rufe mata ƙofa da kansa, ya ja ya tabbatar ta rufu. Motar ta tashi. Auta ta waiwaya ta ga Umma ta kama hannunsa tana jansa ciki, shi kuma yana ɗaga musu ɗayan. Ta share ido ta juyo. Dogo ya miƙo hannu, ta saka nata a ciki.

"Har yanzu tsoro kake ji?" ta ce a hankali.

"Sosai, amaryata."

"Ni ma. Riƙe da kyau."

Ya riƙe.